Motar Baba Ta Sake Tashi

Ran wata Asabar a ƙarshen shekarar 2021, bayan an gama shigar da gero, na tafi gaida Inna a ƙauyenmu da ke ƙasar Buji, ba nisa da Gantsa. Ina isa sai na tarar da baƙi biyu a ƙofar gida. Sun jingine babur, sun rataye sikeli a reshen darbejiya, suna zagaya tsohuwar motar Baba suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu sayen tulu a kasuwa. 'Yan gwangwan ne, ƙanena ya kira su. Suka ce jikin motar alminiyam ne, masu zubin tukwane za su so shi ƙwarai. Gobe za su zo da guduma da zarto su daddatsa ta, a auna kilo kilo.

Ƙanena ba shi da laifi. Shekara 22 ke nan motar tana tsaye wuri ɗaya. Tayoyinta sun nutse cikin yashi, kaji suna ƙwai a wurin zaman direba, awaki kuma sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Ya ce mini, "Yaya, mene ne amfanin ƙarfen da ba ya motsi? Ga rufin ɗakin Inna yana yoyo." Maganarsa gaskiya ce. Na shiga wurin Inna na tambaye ta. Ta yi shiru ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "Cikin motar nan aka kai ni asibitin Birnin Kudu daren da na haife ka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ku yi abin da kuka ga ya dace. Amma in za a fasa ta, ku bari sai ranar da ba na gida."

Na fita na sallami baƙin. Na biya ƙanena rabonsa bisa kuɗin da suka taya, muka haɗa muka gyara rufin Inna. Haka na wayi gari da mota wadda ba ta tafiya, ni kuwa malamin makaranta ne, ban taɓa kwance ko kafireta ba.

Wace irin mota ce?

Sunanta Land Rover, amma a bakin mutanenmu Landiroba ce. Asalinta Ingila. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙarfe ya yi wuya a can, gwamnati kuwa ba ta ba kamfanin mota ƙarfe sai gwargwadon abin da yake sayarwa ƙasashen waje. Wasu 'yan'uwa biyu ne ke riƙe da ragamar kamfanin Rover, Spencer Wilks da ƙanensa Maurice Wilks. Shi Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka. Daga nan tunani ya zo masa a ƙera motar da manomi zai shiga gona da ita, ya kuma kai kaya kasuwa. Aka ƙera ta a Solihull kusa da Birmingham, aka nuna ta ga duniya a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ran 30 ga Afrilu, 1948.

Saboda ƙarancin ƙarfen nan ne aka yi jikinta da alminiyam. Shasi, watau ƙashin da mota ke zaune a kai, da bangon da ke tsakanin inji da direba, su ne na ƙarfe. Ka gani, mai karatu, abin da ya hana jikinta ruɓewa shi ne kuma ya jawo mata 'yan gwangwan.

An yi samfurin farko daga 1948 zuwa 1958. Na biyu ya fito a 1958, aka ɗan gyara shi a 1961 aka kira shi IIA, na uku kuma ya ɗauka daga 1971 zuwa 1985. Magajiyarsu ta sami suna Defender a 1990, aka daina ƙera ta ran 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi fiye da miliyan 2 gaba ɗaya. Ta Baba IIA ce, ƙirar 1970, doguwa mai rufin tamfol. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 109 ne. Injinta mai silinda 4 ne, lita 2 da kwata, mai shan fetur.

Dattawa za su tuna lokacin da ba wata mota da ke shiga ƙauyukanmu sai ita. Da ita malaman gona da malaman dabbobi ke rangadi, da ita 'yan sanda ke zuwa, da ita ma'aikatan asibitocin mishan ke kai magani inda hanya ta ƙare. Yara kan tambaye ni me ya sa sitiyarinta ke hannun dama. Amsar ita ce, da can a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya kamar Ingila, sai ran 2 ga Afrilu, 1972 aka koma hannun dama. Motarmu ta girmi wannan doka.

Baba ya saye ta a gwanjon gwamnati a 1981. A lokacin muna cikin Jihar Kano, gama ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta, 1991. Ya yi ta jigilar mutane da buhunan gyaɗa da dawa zuwa kasuwannin Birnin Kudu da Sara da Shuwarin. Sannu a hankali motocin Peugeot da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, da motocin Japan waɗanda ba su shan mai da yawa, suka ƙwace masa fasinja. A 1999 inji ya buga. Baba ya sa aka tura ta gindin darbejiya, ya ce sai bayan girbi. Girbi da yawa ya wuce, har Allah ya yi masa rasuwa.

Sharaɗin uwargida

Da na koma Dutse na faɗa wa uwargida, sai ta ajiye abin da take yi ta dube ni. Ta ce, "Malam, ban hana ka ba. Amma abu uku. Ba za a taɓa kuɗin abinci ba, ba za a taɓa kuɗin makarantar yara ba, ba kuwa za a ci bashi ba." Muka yarda cewa abin da na samu daga darasin yamma, da riɗin da nake nomawa a 'yar gonata, shi kaɗai zai shiga mota. Ta kawo littafin rubutu ta ce kowane kwabo a rubuta, littafin kuma a hannunta zai zauna.

Sa'an nan na nemi malami. Akwai wani dattijo a Birnin Kudu wanda ya yi wa Baba yaron mota, daga baya ya zama makanike. Ba jininmu ɗaya ba, ba kuma addininmu ɗaya ba, amma tun muna yara Kawu muke kiransa. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya bar gareji ga yaransa. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya shiga ɗaki ya jawo wani akwatin ƙarfe cike da sifanoni. Ya ce ƙusoshin motar nan da inci aka auna su, sifanar zamani mai milimita za ta cinye musu kai ne kawai. Ya ƙara da cewa, "Ɗana, kowa da inji yake so ya fara. Kai fara da ƙashi. In ƙashi ya ruɓe, duk abin da ka ɗora a kai hasara ne."

Mun kwance ta

Ran Asabar da lokacin hutun makaranta muke aiki, ni da Kawu da babban ɗana, wanda shekararsa 15 a lokacin. Kawu yana zaune a kan tabarma yana ba da umarni, mu muna shan ƙura. Kafin mu cire kowane abu, sai yaron ya ɗauki hotonsa da waya. Kowace ƙusa da notinta muka sa cikin gwangwanin madara, muka rubuta inda ta fito. Wanda ya raina wannan aiki, bayan shekara biyu zai tsaya da ƙusa a hannu yana tambayar kansa ina gidanta.

Da muka ɗage jikin motar muka ajiye a gefe, Kawu ya ba ni ƙaramar guduma ya ce in bi shasi taku taku ina bugawa. Inda ƙarfe ke da lafiya zai yi ƙara kamar ƙararrawa, inda ya ruɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi ƙwarya. A Ingila gishirin da ake zubawa a kan hanya lokacin sanyi shi ke cin shasin motocin nan. Mu a nan busasshiyar iska ta yi mana rana. Wuri biyu kaɗai suka ruɓe, can baya inda laka da kashin awaki suka taru suka riƙe danshi, da wajen ƙafar direba. Mai walda ya zo daga Gantsa da janaretonsa, ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe. Muka kankare sauran da buroshin waya, muka shafa jan fenti mai hana tsatsa, sa'an nan baƙi.

Jikin alminiyam ba ya jan tsatsa, amma duk inda ya haɗu da ƙarfe tare da danshi, sai ya zama farin gari. Waldar da muka saba gani a bakin hanya ba ta kama shi, don haka da ƙusar ribit ake faci. In ana buga shi don a miƙe lanƙwasa, yakan yi tauri har ya tsage. Kawu ya koya mana dabarar mutanen da: a goga sabulu a wurin, a gasa da wuta a hankali har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce. Daga nan zai yi laushi ya bi guduma.

Abin da rana da ɓeraye suka samu kuwa ba su bari ba. Duk wata roba ta bushe ta farfashe, wayoyin lantarki an cinye su. Sa'ar da muka yi, wayoyin motar ba su da yawa, ba kwamfuta a cikinta ko ɗaya. Ɗana ya zana taswirarsu a bayan tsohuwar kalanda, ya ja sababbi ɗaya bayan ɗaya.

Inji da kasuwa

Inji ya ƙi juyawa ko kaɗan. Muka cire fulogogi, muka zuba man dizal cikin ramukan, muka bar shi mako 3. Kowace Asabar sai mu sa handil mu ɗan motsa, ba da ƙarfi ba. Ranar da ya saki, muka buɗe shi muka ga abin da ya faru a 1999: baƙin mai ya yi ƙasa, metal ɗaya ya narke ya ƙarce karanshaf.

Wannan ya fi ƙarfin gindin darbejiya. Muka ɗora injin a mota, ta Kwanar Huguma da Wudil har Kano, inda masu injin wasa ƙarfe suka gyara karanshaf, suka faɗaɗa silinda don sababbin fistin. Sun kuma sa wa bawuloli mazauni mai tauri, domin an ƙera injin ne lokacin da fetur ke da dalma a ciki, na yanzu kuwa babu.

Kasuwar Ƙofar Ruwa na sha zagayawa. Yaran shago da yawa ba su taɓa jin sunan abin da nake nema ba. Sai an nuna maka wani dattijo can ciki, ya hau tsani ya sauko da abu cikin takarda mai maiƙo, ya hure ƙura. Da tsohuwar zuma ake magani. Wasu kayan har yau ana ƙera sababbinsu a Ingila, amma kafin su iso hannunka kuɗinsu ya ninka.

Shekarar da na karya alkawari

Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur. Kuɗin mota zuwa Kano ya tashi, darajar naira ta faɗi, iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu daga darasin yamma. Littafin uwargida ya daina samun sabon rubutu.

A cikin wannan hali na ga tayoyi biyu na hannu, masu kyau, daidai awon motar, da araha. Kuɗin zangon karatu na 'yarmu yana aljihuna. Na ce wa kaina zan mayar kafin ƙarshen wata. Na saya. Kafin mako ya zagayo aka koro yarinyar daga makaranta, ta dawo gida da hawaye. Ni da nake tsayawa gaban aji ina koya wa 'ya'yan mutane riƙon amana.

Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Da dare, bayan yara sun kwanta, ta ce, "Malam, motar nan ba za ta taɓa kiranka Baba ba." Ban sami abin cewa ba. Kashegari na sayar da tayoyin da hasara, na cika kuɗin, na roƙi gafarar uwa da 'ya. Muka rufe motar da tamfol wata 7. Na rubuta wannan ne domin na san akwai magidanta da yawa da ke da irin tasu motar, ko da ba mai taya ba ce.

Ranar da ta yi magana

Bayan an sayar da riɗi muka koma aiki, wannan karo da yardar kowa. Kawu ya sa ɗana ya daidaita bawuloli. Awon yana rubuce a kan murfin injin: inci 0.010, watau milimita 0.25, ko inji na da zafi ko da sanyi. Ya koya masa jerin da wuta ke bi zuwa fulogogi, 1, 3, 4, 2, ya sa ya maimaita kamar karatun allo. Muka wanke kafireta da tankin mai, muka sa sabon kwantak, muka cika lagireto.

Batirin da muka aro ba shi da ƙarfi, sai muka koma ga handil. Kawu ya gargaɗe ni kada in naɗe babban yatsa a kansa, gama in inji ya mayar da bugu yakan karya yatsa. Juyi na farko shiru. Na biyu ta yi tari. A na huɗu sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse. Inna ta fito ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya sa kunnensa a ƙotar, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago sai ya ce, "Muryarta ce." Ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Darasin birki

Ɗoki ya sa na yi kuskure na biyu. Robobin birki na ƙwarai ba su iso ba, sai na sayi wasu masu araha a wani shago a bakin hanya. Mai shagon ya rantse mini irinsu ɗaya ne. Ran gwaji, muna gangarowa wata 'yar gangara kusa da rafi, na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Ga shanu suna tsallakawa a gaba, ga ɗana a gefena. Allah ya sa a giya ta biyu nake, ba na gudu. Na ja birkin hannu a hankali, ta tsaya saura taku kaɗan.

Mai karatu, ka lura da wannan. A irin tamu, layin man birki ɗaya ne ke zuwa ƙafafu huɗu. In roba ɗaya ta fashe mai ya zube, birki duka ya tafi. Birkin hannu ne ya cece mu, domin shi ba ruwansa da mai, yana kama sandar da ke juya ƙafafu ne daga bayan giyabos. Muka sāke kome da kome, da masta da robobi da bututu da lainin. Araha ba ta ado, a wajen birki kuwa tana iya kisa.

Jan kai da rawayan kai

Tuƙa ta sai an koya. Giya ta ɗaya da ta biyu ba su shiga sai an taka kuloci sau biyu. Sitiyari sai da ƙarfin damtse. Ban da sandar giya, akwai wasu sanduna biyu a ƙasa. In ka danna mai rawayan kai, ƙafafu huɗu duka za su ja. In ka tsaya ka jawo mai jan kai baya, ta shiga giyar ƙarfi, tana tafiya kamar hawainiya amma ba yashi ko taɓon da zai riƙe ta cikin sauƙi. Da ka hau kwalta sai ka mayar da ita ƙafa biyu, in ba haka ba ƙarafan ƙafafun za su murɗe har ɗaya ya karye.

Da muka sabunta takardu da lamba da inshora a Dutse, tafiyar farko ta Inna ce. A watan Agusta na 2024, tsakiyar damina, muka kai ta gaida yayarta, wadda rabonsu da ganin juna shekara 3, saboda ƙafar Inna ba ta jure babur. Hanyar ta bi ta fadama. Na jawo jan kai, muka ratsa laka har gindin ƙofa muka fita. Inna tana riƙe da ƙarfen gaba, ba ta ce kome ba sai da muka haye. Sa'an nan ta ce, "Haka Babanku yake yi, sai dai shi ba ya cije leɓe."

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

In da lissafin kasuwa za a bi, ba ta biya ba. Abin da ke cikin littafin uwargida ya isa sayen sabon babur da canji. Lita ɗaya ba ta kai mu kilomita 7. Ba ta da gudu, ba ta da taushi, tana kuma ɗigar da mai duk inda ta kwana. Ban shiga da ita makaranta ba ko sau ɗaya.

Amma ga abin da muka samu. Motar tana ƙauye a hannun ƙanena, wanda da ya so a fasa ta. Da ita yake kai taki gona, ya kwaso riɗi da gero. Maƙwabta sun san ƙofar da za su buga in ciwo ya tashi da dare hanya kuma ta yanke, su dai su sa mai. Ɗana ya gama sakandare yana neman shiga makarantar koyon aikin injiniya, hannunsa kuwa ya riga ya san sifana. Shekara 3 na Asabar da muka yi tare, na ji daga bakinsa abubuwan da da ban taɓa ji ba.

Ga mai niyya

Wanda ke da tsohuwar mota a bayan gida yana tunanin ta da ita, ga abin da na koya:

1. Ka zauna da iyalinka tukuna. Ku yanke inda kuɗin zai fito, a kuma rubuta.
2. Ka tabbata motar taka ce. In ta gado ce, ka sallami sauran magada, ka nemi takardunta, ka duba lambar shasi ta yi daidai.
3. Ka duba shasi kafin ka kashe ko kwabo a kan inji ko fenti.
4. Ka nemi tsohon makanike da ya san irinta, ka girmama shi, ka biya shi hakkinsa.
5. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka tokare ta da kututture mai ƙarfi, ka sa dutse a tayoyi.
6. Kada ka wanke kaya da fetur kusa da murhu ko fitila. Kananzir ya fi aminci. Kada kuma ka hure ƙurar tsohon birki da baki, tana cutar da huhu. Ka goge da jiƙaƙƙen tsumma.
7. Birki da sitiyari da taya, a nan ba a neman araha.

Kawu ya ƙi karɓar akwatin sifanoninsa da muka mayar masa. Ya ce a ba yaron. Yanzu yana ƙarƙashin gadon ɗana a Dutse. Hutun da ke zuwa za mu buɗe giyabos, domin giya ta biyu ta soma fita da kanta in ana gangara. Uwargida ta riga ta buɗe sabon shafi a littafi.